Amsoshin Wasiƙunku: Wasa Ake Yi a Rabin Aji ko Karatu?

Ga mu kuma a filinku na amsoshin wasiƙu. A wannan mako wasiƙu biyu za mu ɗauka, domin duk a kan magana ɗaya suke, wato karatun ƙananan yara waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba.

Ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Malumfashi. Ya ce ɗansa mai shekara 5 yana zuwa rabin aji a firamaren garinsu. Sai da ya sayar da masara ya ɗinka masa kayan makaranta, ga shi zango biyu sun wuce yaro bai iya rubuta komai ba, kullum ya dawo sai waƙa da tafi da ginin shanun laka. Ɗan maƙwabcinsa kuwa, da ke makarantar kuɗi, yana zubo A B C tun daga farko har ƙarshe, yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci. Shi ne yake tambaya, ya sauya masa makaranta ne, ko kuwa ya cire shi ya riƙa bin awaki har ya ƙara wayo?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. A taƙaice dai, kada ka cire yaron nan tukuna. Ga dalili.

Shi wannan aji da muke kira rabin aji, wasu su ce nazare, wasu su ce ajin share fage, asalinsa daga ƙasar Jamus ne. Wani malami mai suna Friedrich Froebel ne ya raɗa masa suna a shekarar 1840, ya kira shi kindagatin, ma'ana lambun yara. Mutumin ya taɓa koyon aikin kula da daji yana saurayi, don haka da idon mai shuka yake kallon yaro. A makarantarsa har 'yan filaye ake yanka wa yara su yi shuka da hannunsu. 'Yan'uwanmu na Nijar ma, sunan da suke kiran ajin da shi da Faransanci, lambun yara yake nufi. A Nijeriya kuwa, manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya a cikin ilimin matakin farko, ta kuma ce malami ɗaya ya riƙe yara 25.

Kai manomi ne, Malam. Ka san ba a kai irin albasa ko na tumatir babbar gona kai tsaye. A fangali ake rainonsa, ana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sai ya yi ƙwari a cire a dasa. Ba wanda ke zuwa fangalin raino yana neman ya ciri albasa. Abin da ake dubawa shi ne, saiwa ta kama? To haka rabin aji yake. Aji ɗaya da aji biyu su ne wurin dashe.

Mece ce saiwar karatu? Kunne da baki. Rubutu ba komai ba ne illa magana da aka zana a takarda. Kafin yaro ya gane zanen, sai ya fara jin cewa kalma gunduwa-gunduwa take. Idan malama ta sa yara suna tafa gero sau biyu, ge-ro, suna tafa masara sau uku, ma-sa-ra, kai kana ganin tafi ne kawai, alhali gaɓoɓin kalma take koya musu. Idan ta ce su kawo abubuwan da suka fara da sauti irin na gona, wannan ya ce gida, wancan ya ce gatari, wata ta ce goro, to an kama hanyar karatu ke nan, ko da ba a taɓa alli ba. Waƙa da kacici-kacici da tatsuniya duk wannan aiki suke yi, suna kuma ƙara wa yaro yawan kalmomi. Yaron da bai san ma'anar kalma ba, ko ya iya furta ta daga takarda, bai karanta komai ba.

Bayan kunne sai ido. A nan mu Hausawa mun yi sa'a, don rubutunmu na boko kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. Malama mai dabara ba ta jiran sai yara sun haddace haruffa duka. Da wasali ɗaya da baƙaƙe uku, wato a da n da m da k, yaro zai haɗa na da ma ya karanta nama, ya karanta kaka, ya karanta kama. Ran da yaro ya haɗa gaɓa biyu da kansa ya ji kalmar da ya sani ta fito daga bakinsa, daga ranar ba sai an kora shi makaranta ba. Waɗanda suka yi firamare da littafin Ka Koyi Karatu za su tuna da wannan hanya. Ko a makarantar allo ma ai da babbaƙu ake farawa, a zo farfaru, sa'an nan a haɗa. Daga baya a nuna masa haruffa masu lanƙwasa, ya san kafa daban, ƙafa daban.

Shi kuwa zubo A B C da ɗan maƙwabcinka ke yi, ba laifi ba ne, amma hadda ce. Sunan harafi a Turanci daban yake da sautin da yake bayarwa a cikin kalma, shi ya sa za ka ga yaro ya iya waƙar haruffa sarai, amma in ka nuna masa harafi ɗaya daga tsakiya ka ce mene ne wannan, sai ya koma farko yana rerowa. Game da harshe kuma, gwamnati ta sha sauya magana. A 2022 ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan. Sai dai akwai gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun yi musu fintinkau. Wanda ya iya haɗa baƙi da harshen da yake ji, ba sai ya sake koyon haɗawar ba in ya zo Turanci.

Hannu shi ne na ƙarshe. Yatsun ɗan shekara 4 ko 5 ba su gama ƙwari ba. Wannan shanun laka da kake raina wa, su ne ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir. In an tilasta masa cika shafi da rubutu tun yanzu, ana dukansa in ya karkace, abin da zai koya shi ne tsoron takarda. Kuma in ka ga ya juya b ta koma d, ko ya faro rubutu daga dama, kada ka damu. Yara da yawa suna haka a wannan shekaru, balle wanda ke zuwa makarantar allo, inda ake farowa daga dama. Da nuni a hankali yake rabe su.

Amma fa ba muna cewa duk ajin da ake wasa a cikinsa ana koyo ba ne. Akwai inda ake tara yara kawai a bar su suna birgima, malami yana gindin bishiya yana hira. Saboda haka ka gwada ɗanka da kanka, ko da kai ba ka yi boko ba. Da daddare bayan an ci tuwo, ka ce ya tafa maka sunansa gaɓa-gaɓa. Ka ce ya faɗo abu uku da suka fara kamar masara. Ka ce ya ba ka tatsuniyar da aka yi musu, ka ji ko ya san farkonta da ƙarshenta. Ka miƙa masa buhun taki ko kwalin ashana, ka ga ko zai nuna maka wani harafi da ke cikin sunansa. In ya yi biyu ko uku daga ciki, masararka ba ta tafi a banza ba. In ko ɗaya bai iya ba, to gani ya kori ji. Ka ɗauki safiya guda ka je ka zauna a bayan aji, sa'an nan ka yi magana da hedimasta cikin mutunci. Ka kuma duba lafiyar yaron. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa ba ya jin bambancin sautuka sosai, sai a ce daƙiƙi ne, alhali asibiti yake bukata. Bin awaki kuwa, ya yi da yamma, tunda kafin azahar an tashi.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a ƙasar Ningi, mai sayar da kayan miya ranar kasuwa. Ta ce da yake ta gama sakandare, dattawan gari sun roƙe ta ta riƙe musu ajin ƙanana. Yara sun kai 50 a ɗaki ɗaya, ba littafi, daga safe zuwa tashi sai kuka da faɗa da kai ƙara. Tana tambaya yaya za ta tsara yininta.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Abu na farko da za ki riƙe shi ne, ƙaramin yaro ba ya karanta agogo, amma yana riƙe jeri. In kullum abu kaza ne ke bin abu kaza, cikin mako biyu ko uku za ki ga da kansu suna tashi su nufi abin da ke gaba, rabin kukan nan kuma zai tafi. Na biyu, kada zaman saurare ya wuce minti 10 zuwa 15. Duk bayan zama sai motsi, duk bayan motsi sai zama.

Ga misali. Ƙarfe 8 ki tarbe su a ƙofa, ki gaida kowa da sunansa. Ki yanka kwali ki rubuta sunan kowane yaro da manyan haruffa, in ya shigo ya nemo nasa ya jefa a ƙwarya. Kin yi kiran suna ke nan, shi kuma ya karanta kalmarsa ta farko a duniya. Daga nan a zauna a da'ira bisa tabarma, a gaisa, a faɗi ranar mako, a yi waƙa ɗaya, ki bar yara uku ko huɗu su faɗi abin da suka gani a hanya. Gobe wasu ne za su faɗa.

Wajen 8 da rabi, hankalinsu na nan sabo, ki yi darasin harafi. Harafi ɗaya ko biyu a mako sun isa. Su ji sautinsa, su faɗe shi, su kawo kalmomin da suka fara da shi, su zana shi a iska da yatsa, sa'an nan a ƙasa.

Ƙarfe 9 ki raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da kusurwarsa. Wasu suna zana harafin a faranti mai yashi ko da gawayi a kwali. Wasu suna gina shi da laka. Wasu suna ƙirga da ƙwallon dabino ko murafen kwalba, suna ware manya da ƙanana. Na huɗun kuwa ki buɗe musu kasuwa, ke da kika san kanta: gwangwanaye, totuwar masara, ganye a matsayin kuɗi, wannan na saye wannan na sayarwa. A nan ake koyon lissafi da magana da jiran layi. Bayan kwata guda ki kaɗa gwangwani, kowane rukuni ya matsa gaba. Ke kuma ki fi zama wurin masu harafi, don a nan za ki gane wanda ya kama da wanda aka bari a baya.

Ƙarfe 10 a fita waje, a yi guje-guje da 'yar gala-gala da gaɗa, a zaga bayan gida. A dawo a wanke hannu da sabulu, a ci ɗan abin da aka zo da shi. Ki roƙi iyaye kada su turo yaro da ciki wayam, ko ɗumame ne ko koko a ba shi, don mai jin yunwa ba ya jin malama. Ƙarfe 11, rana ta yi zafi, jiki ya mutu, lokacin tatsuniya ke nan. Ki riƙa tsayawa kina tambaya, me kuke jin Gizo zai yi yanzu? Wani lokaci ki bar su su ba da labari, ke kina rubutawa a allo suna kallo, sa'an nan ki karanta musu kina bin kalmomin da yatsa daga hagu zuwa dama. Nan suke gane cewa abin da baki ya faɗa hannu na iya ajiyewa. Kafin 12 a maimaita harafin yau, a tattara kaya, a sallame su.

Sai dai gaskiya, Malama, yara 50 sun yi wa mutum ɗaya yawa, ninkin abin da manufar ilimi ta ce ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki koma wurin dattawan da suka ɗora miki aikin, su samo miki mataimakiya, ko iyaye mata su riƙa karɓa-karɓa, ko kuma a raba yaran, 'yan shekara 5 da safe, na ƙasa da su daga baya. Kakanni masu tatsuniya ma a gayyato su. Bulala kuwa ki ajiye ta. Yaron da aka ba aikin raba murafe ko riƙe ƙwaryar sunaye ba ya samun sukunin tsokana.

Ku kuma iyaye, manoma da 'yan kasuwa, naku aikin ba ya bukatar ko kwabo. Ku riƙa hira da yaranku a gona da rumfa, ku faɗa musu sunan kowane abu, ku bar su su ƙirga muku kashin tattasai, ku amsa tambayarsu ko ta ishe ku. Da yayyafi kogi kan cika.

To jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ya gwada abin da muka faɗa, ya rubuto ya gaya mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.