Filashi ɗaya, kwamfutoci daban-daban



A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki. Duk wanda ya zauna a yankin nan a lokacin ya ga yadda takardun ofis da karatun malamai suka koma yawo a aljihu, cikin filashi da memori. A irin wannan hali ne mutum zai sha hanya da aikinsa, ya soka filashin a kwamfutar wani, ta ƙi buɗewa. Mai shago ya juya shi, ya hura bakinsa, ya ce "Oga, bairos ne." Sau da yawa filashin lafiyarsa ƙalau.

Kowace kwamfuta da tsarin da take jera fayiloli a kai. Windows na amfani da NTFS tun 1993. Mac na iya karanta shi, amma ba ta rubutu a kansa sai an ƙara mata manhaja. Apple kuma ya koma APFS a 2017, wanda Windows ba ta gane shi ko kaɗan. Wasiƙar ajami ce a hannun wanda boko kaɗai ya iya.

Nan fa haɗarin yake. Idan Windows ta kasa karanta faifai, sai ta fito da ɗan akwati tana tambaya ko a yi masa fomat. Don Allah kada ku danna. Da an yi fomat, aikin shekara ya tafi. Ku cire, ku mayar da shi kwamfutar da aka ɗauko aikin daga cikinta.

Tsohon tsarin FAT32 kusan kowace na'ura na karɓarsa, har rediyon mota, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Shi ya sa bidiyon biki ke ƙin shiga alhali ga fili nan birjik. Ni exFAT nake zaɓa wa mutane. Microsoft ya fito da shi a 2006, Mac ta karɓe shi a 2010, Linux a 2019, kuma babu wancan ƙangin. Aibinsa kuwa, ba ya jure fizgewa: a zare filashin ana tsakiyar kwafi, ko a ɗauke wuta, fayiloli na iya lalacewa.

Roƙona ga shugabannin makarantu da sakatarorin ofisoshi shi ne, duk sabon faifan da aka sayo a mayar da shi exFAT tun yana fanko, a riƙa sallamarsa daga kwamfuta kafin a zare, kuma a ajiye kwafi na biyu a wani wurin.