Jawabi A Kan Sarƙar Keke Da Giyar Gaba

Maganarmu ta yau a kan keke ce, musamman irin keken nan mai siraran tayoyi wanda aka yi domin gudu bisa kwalta. Kekunan Raleigh da kakanninmu suka sani, yawancinsu faranti guda su ke da shi a wajen feda. Wannan kuwa faranti biyu gare shi, babba da ƙarami. Sau da yawa babban yana da haƙora 50, ƙaramin 34. Babban na gudu ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙaramin na hawan tudu.

Sarƙar da ke tafiyar da keke ta daɗe a duniya. A shekarar 1880 wani mutum mai suna Hans Renold ya ƙago irinta a Mancesta ta ƙasar Ingila. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai suna Rover, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya. Ƙarfen sauya giya kuwa, sai a 1937 aka yarda wa manyan 'yan tseren keke na zagaya Faransa su yi aiki da shi.

To, ga abin da na ke so ku riƙe. Mutum ya kan ji giyarsa ta ƙi shiga, sai ya ɗauki sukudireba ya yi ta murɗe-murɗe. Alhali sau da yawa laifin na sarƙa ne. Saboda haka a fara da sarƙa tukuna, kana a je ga giya.

Ƙura da mai in sun gamu sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin ƙarfe. Lokacin hunturu abin ya fi muni, gama ƙura ba ta barin ko'ina. Ka sami tsumma da tsohon buroshi da ɗan kananzir. Ka goge sarƙa da haƙoran faranti sarai, ka bari su bushe. Kada ka yi da fetur, gama wuta ba ta da nisa da shi. Sa'an nan ka ɗiga man keke, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, kana juya feda baya sannu sannu. Ka dakata kaɗan man ya shiga ciki, kana ka goge na waje duka. Man da ke cikin gaɓa shi ke aiki, na waje kuwa ƙura kaɗai ya ke kira. Man gyaɗa da manja ba na sarƙa ba ne, daskarewa su ke yi su yi danƙo. Baƙin man mota kuma da dattinsa ya ke zuwa. Da damina, in ruwa ya bugi keke, ka tsane sarƙa ka sa mai a ranar, kada tsatsa ta riga ka.

Bayan wanki sai awo. Tsakanin ƙusar sarƙa da mai bi mata rabin inci ne. Ka aza ma'auni a tsakiyar ƙusa ɗaya, ka duba wajen inci 12. In sarƙa sabuwa ce, za ka ga wata ƙusa daidai bisa layin. In ƙusar ta wuce layin da kashi ɗaya cikin 16 na inci, sarƙa ta ci, sai a sake ta. In ta wuce da kashi ɗaya cikin 8, lalle ta riga ta cinye haƙoran baya, sabuwar sarƙa ma za ta riƙa tsalle a kansu. Wanda ya ƙi sayen sarƙa a kan kari, ƙarshenta sai ya sayi sarƙa da haƙora gaba ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu sai giyar gaba. Ku duba bisa faranti, za ku ga wani ɗan ƙarfe mai bango biyu, sarƙa na ratsawa ta tsakaninsu kamar keji. Waya ce ke jan kejin nan, shi kuma ya ture sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan. Gyaransa mataki huɗu ne, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Ka rataye keke, ko wani ya ɗaga maka ƙafar baya, domin ka iya juya feda da hannu.

Na fari, tsawo. Bangon waje na keji ya wuce haƙoran babban faranti da milimita 1 zuwa 3, watau kamar kaurin tsinken ashana. In ya yi sama da yawa, sarƙa ta riƙa faɗuwa. In ya yi ƙasa, ya daki haƙora. Ka kuma leƙa ta sama, ka tabbata keji ya miƙe daidai da faranti, bai karkace ba.

Na biyu, akwai ƙusoshi biyu ƙanana bisa ƙarfen. Ɗaya an rubuta mata harafin L, ɗaya H. Ga amfanin karatu ke nan, gama wanda ya san harafi ba ya murɗa wadda ba ita ba. Aikinsu su sa wa keji iyaka. Ka sa sarƙa a ƙaramin farantin gaba da mafi girman haƙoran baya. Ka murɗa L har bangon ciki ya kusa taɓa sarƙa, amma bai taɓa ba. In sarƙa tana faɗuwa ciki wajen jikin keke, ƙara ɗaure L. In ta ƙi sauka bisa ƙaramin faranti, sassauta ta.

Na uku, waya. Sarƙa tana nan bisa ƙaramin faranti, ka taɓa wayar. In ta yi sako-sako, ka kwance notinta, ka ja ta da hannu, ka ɗaure. Wayar da ta fara tsintsinkewa a sake ta, kada a yi mata kara.

Na huɗu, ka hau da sarƙa babban farantin gaba da mafi ƙanƙantar haƙoran baya. Ka murɗa H har tsakanin bangon waje da sarƙa ya zama kamar milimita 1. In sarƙa tana zarcewa ta faɗo wajen feda, ɗaure H. In ta ƙi hawa, sassauta H kaɗan, in ba ta hau ba ƙara wa waya ƙarfi.

A duk wannan, kwata-kwatan juyi a ke yi, watau kashi ɗaya cikin huɗu, sa'an nan a gwada. Sannu ba ta hana zuwa. Mai gaggawa ya kan murɗa sau uku a jere, ya rasa inda ya faro.

Saura hali na mahayi. In za ka sauya giya, ka ci gaba da juya feda amma ka rage ƙarfin taku. Ka sauko ƙaramin faranti tun kafin tudu ya kama ka. Kada kuma ka haɗa babban faranti da babban haƙorin baya, ko ƙarami da ƙarami, gama sarƙa ta kan karkace ta ci da wuri.

Kada ku ɗauki wannan wasa. Sarƙar da ta zame sa'ad da mutum ya miƙe bisa feda tana iya kayar da shi a gaban mota. In kun ga keji ya lanƙwashe ko haƙora sun yi tsini, ku kai wa mai gyaran keke. Sauran kuwa aikin hannunku ne. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.