MANYAN ƘARAFA DAGA BAKIN TEKU ZUWA AREWA: WA ZAI GYARA HANYA?

Wannan jawabi ne da wani dattijo, tsohon direban manyan motoci, ya yi wa direbobi da leburori da 'yan kasuwa a wurin lacca a Kano. Mun buga shi yadda ya faɗa.



An ce in yi muku magana a kan aikin da na tsufa a cikinsa, watau jan manyan ƙarafa daga tashar jirgin ruwa zuwa cikin ƙasa. Wani zai ce ina ruwan talaka da wannan zance? To, ruwansa da yawa. Wutar lantarkin da mai injin niƙa ya ke jira, da masaƙar da ɗanka zai sami aiki a cikinta, da famfon da matan unguwa su ke layi a gabansa, duk sai da wani ƙaton ƙarfe su ke tashi. Ƙarfen nan kuwa yawancinsa a ƙasashen waje a ke ƙera shi, jirgin ruwa ya sauke shi a Ikko ko Fatakwal. Daga nan sai ya hau mota.

Kaya iri biyu ne. Akwai wanda a ke iya rabawa, kamar siminti da taki da gishiri. In ya yi wa mota ɗaya yawa sai a ƙaro ta biyu. Akwai kuma wanda ba ya rabuwa, kamar babbar taransifoma ta tashar lantarki, ko tukunyar masana'anta, ko injin madatsar ruwa. Taransifoma guda ta kan wuce tan 100, kuma ba dama a yanka ta biyu a ɗinke a Kano. Yadda ta fito daga hannun maƙera haka za ta isa, ko kuwa kada ta isa sam.

Yaya a ke ɗaukarta? Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tirelar wannan aiki ƙafafu ne da ita birjik, jere bisa jere, kowane jere yana da aksul nasa, watau ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama. A ƙarƙashinta akwai bututun mai da ke daidaita ta, in wata ƙafa ta faɗa rami sauran su karɓi nauyin, kayan ba ya karkata. Kan mota ɗaya yana ja a gaba, wani lokaci wani yana turawa a baya. Ku yi lissafi tare da ni. A ce kaya da tirela sun yi tan 160, tirelar kuwa tana da aksul 16. Kowane aksul tan 10 ke nan ya ɗauka. Dokar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da ita a 2012 ta yarda aksul guda ya ɗauki har tan 11 da rabi. Kun ga kowane aksul na ƙaton kayan nan bai wuce wannan iyaka ba.

Sai ku saurari abin da mutane da yawa ba su sani ba. Daga 1958 zuwa 1960 injiniyoyin Amurka suka shimfiɗa hanyoyin gwaji a jihar Ilinoyi, suka sa motoci masu nauyi iri iri suna zagaya su dare da rana, suna auna lalacewar kwalta. Abin da suka gano shi ne, in ka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da zai yi wa hanya ta kan ninku wajen sau 16. Sabo da haka tirelar nan ta yau da kullum da aka danƙara wa siminti har aksul ɗinta ya kai tan 20, kowane aksul nata yana cin kwalta kamar aksul 16 masu tan 10. Ita kuma kullum tana kan hanya, ɗaruruwa a rana, alhali ƙaton kaya sai jifa-jifa ya ke wucewa. Mu direbobi mun san wannan, masu mota sun sani, masu sikelin hanya ma sun sani. Kowa ya kau da kai, hanya ta mutu, sa'an nan ranar da babban injin zai wuce a rasa inda za a bi da shi.

Gada kuwa shari'arta dabam. Kwalta aksul ɗai-ɗai ta ke ji, amma gada in tirela ta hau kanta gaba ɗaya, dukan nauyin ta ke ɗauka a lokaci guda. Shi ya sa a inda a ke aiki bisa ƙa'ida, kafin mota ta tashi sai injiniya ya bi hanya tun daga tasha har masauki. Zai auna ƙarfin kowace gada da kwalbati, da tsawon wayoyin lantarki da gadojin sama, da faɗin kowace kwana, da gangaren da birki zai iya riƙewa. Sa'an nan a ba da takardar izini, a sa motar rakiya gaba da baya, a tsai da sauran motoci in za a haye gada, a bi tsakiyarta a hankali kamar tafiyar ƙafa.

Ni na taɓa ganin abin da rashin wannan ke jawowa. Wata shekara muka ɗauko wata tukunyar masana'anta daga Ikko, kamfanin da ya yi kwangilar bai aika kowa ya duba hanya ba, don kada ya kashe kuɗi. Muka isa wani gari, ga wayoyin lantarki sun gitta titi, kayanmu ya fi su tsawo da wajen kamu biyu. Kwana uku muka yi a tsakiyar kasuwa, mun tare hanya, yaran mota suna kwana a ƙarƙashin tirela suna gadin weji. Da aka zo aka yanke wayoyin muka wuce, mutanen garin suka zauna cikin duhu, ba wanda ya koma ya tambaye su abin da suka yi hasara. Har yau in na tuna da su sai kunya ta kama ni, ko da ya ke ba ni na yanke shawara ba.

Bari in ba ku labarin yadda waɗansu suka yi. A kudancin Faransa, a wani wuri da a ke kira Kadarash, ƙasashe da yawa sun haɗu suna gina wani babban injin bincike mai suna ITER. Ƙarafansa daga Japan da Koriya da Sin da sauran ƙasashe su ke zuwa, su sauka a tashar Fos kusa da Marsai. Tun ba a kawo ko ƙusa ɗaya ba, Faransawa suka ware hanya mai tsawon kilomita 104, watau wajen mil 65, suka faɗaɗa ta, suka sake gadoji, suka gyara kwanoni, suka kashe abin da ya kai Yuro miliyan 110. A 2013 suka loda wa wata tirela mai ƙafa 352 tubalan kankare, ita da kayanta tan 800, suka bi da ita hanyar suna auna yadda kowace gada ke lanƙwasa. Sai a Janairu 1915 na ce? A'a, ku gafarce ni, tsufa ne: a Janairu 2015 kayan farko na gaske ya bi ta. Da dare su ke tafiya, kuma a kan sanar da mutanen ƙauyuka tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Amurka ma, a jihar Aidaho, da aka riƙa bi da irin waɗannan kaya ta ƙasar ƙabilar Nez Pas ba tare da shawararsu ba, sai suka fito suka tare hanya a Agusta 2013, kuma wata guda bayan haka alƙali ya tsai da jigilar. Mutanen bakin hanya suna da hakki, kuma kotu ta san da shi.

Mu dawo gida. A Disamba 2019 aka sauke wata hasumiyar tace mai ta matatar Ɗangote a Lekki, ƙirar ƙasar Sin, tsawonta ya wuce ƙafa 360, nauyinta ya wuce tan 2,000. Sai da mai matatar ya gina tasharsa ta jirgin ruwa kusa da wurin aiki, domin daga Apapa ba titin da zai ɗauke ta. To, ku tambayi kanku, da a Kano ko Gusau a ke bukatar ko da kashi ɗaya cikin biyar na wannan nauyi, ta ina zai zo? Ta Badun da Ilori da Jebba da Mokwa? A Yuni 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa, manyan motoci suka yi cirko-cirko, sai da aka karkata su waɗansu hanyoyi. Duk mai kuɗin da zai kafa masana'anta yana yin wannan lissafi kafin ya sa tubali, kuma sau da yawa lissafin ya kan ce masa zauna kusa da teku. Mu kuma 'ya'yanmu su bi shi can neman aiki.

Abin takaici, kakanninmu sun ga hanyar da ta fi wannan. Da Turawa za su shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya iso nan a 1911, ta kogin Kwara suka hauro da ƙarafan dogo da kawunan jirgi har Baro. Ruwa ba ya gajiya da nauyi, ba shi da kwalbatin da zai rufta. A 2009 Gwamnati ta fara yashe kogin daga Warri zuwa Baro, a Janairu 2019 aka yi bikin buɗe tashar Baro, amma aka yi shekaru bayan bikin ba jirgin kaya da ke sauke lodi a wurin. Tsohon dogonmu kuwa faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, kayan da ya cika faɗi ba ya iya ɗauka.

Sabo da haka ga abin da na ke roƙon mu nema da murya ɗaya. Na farko, a zaɓi hanya guda daga teku zuwa Arewa, a auna gadojinta duka, a buga sakamakon kowa ya gani, a ƙarfafa masu rauni. Na biyu, sikelin hanya ya yi aiki a kan kowa, motar babba da ta ƙarami, kuma tara ta hau kan mai kaya da mai mota, a daina kama direba shi kaɗai. Na uku, duk kamfanin da zai ja babban kaya ya ajiye kuɗin jingina, in ya fasa kwalbati ko ya yanke waya a gyara daga aljihunsa cikin kwanaki sanannu. Na huɗu, a sanar da mai gari da jama'arsa kafin kaya ya iso. Na biyar, a gama aikin Baro, a haɗa ta da titi mai kyau da dogo, don mafi nauyin kaya ya bi ruwa.

Mu ma direbobi akwai namu. In mai kaya ya ce ƙara tan 10 ga ɗan abin goro, ka tuna hanyar nan ita za ka bi gobe da iyalinka. Wanda zai nemi ƙuri'arku kuwa, ko na wace jam'iyya ne, ku tambaye shi nauyin da gadar garinku za ta iya ɗauka. In bai sani ba, ku ce ya je ya tambayo ya dawo.

 Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.