Yadda Ake Tsamo Bugun Zuciya Daga Cikin Hayaniya

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zuciya a asibiti ya ga yadda ake lilliƙa masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Abin da ake nema shi ne ɗan lantarkin da zuciya ke fitarwa in ta buga, wanda bai wuce kimanin kashi 1 cikin 1,000 na bolt ba idan ya iso fata. Saboda aikin auna shi ne aka ba Willem Einthoven, mutumin Holan, kyautar Nobel a 1924.

To, amma fa akwai cikas. Jikin ɗan Adam yakan kwaso lantarki daga wayoyin wutar ɗaki, wadda ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ko sau 60 a Amurka. Wannan hayaniya takan ninka lantarkin zuciya nesa ba kusa ba. In aka ƙara musu ƙarfi tare, sai ta binne shi.

Maganin abin shi ne amfilifaya mai ƙofa biyu, wadda ba ta kula da komai sai bambancin da ke tsakanin wayoyi biyu. A ce waya ɗaya ta kawo 101, ɗayar kuma 99. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne 100, bambancinsu kuwa 2. Hayaniyar wuta takan shiga wayoyin daidai wa daida, saboda haka ita ce siginar tarayya, sai a watsar da ita. Lantarkin zuciya kuwa ba ɗaya yake ba a hannun dama da na hagu, shi ne siginar bambanci, shi ake ƙara wa ƙarfi. Kamar sikeli ne mai faranti biyu a cikin ruwan sama: muddin ruwan na zuba a kansu daidai, allura ba za ta motsa ba. Alan Blumlein, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, ya yi rajistar wani mashahurin tsari na wannan dabara a 1936.

Sai dai in faranti ɗaya ya fi faɗi, ruwa kaɗai ya isa ya karkatar da sikeli. Haka nan idan waya ɗaya ba ta kama fata sosai ba, hayaniyar da ke isa ƙofofin biyu ba za ta zo daidai ba. Na'ura kuwa ba ta san dalili ba, sai ta ɗauki ragowar a matsayin bugun zuciya, zane ya fito da kakkarwa, har ta ɓoye wa likita alamar ciwon da yake nema. Shi ya sa ma'aikaciyar jinya takan goge fata, wani lokaci har ta aske gashin ƙirji, kafin ta liƙa wayoyin.