Ruwan Hunturu a Ƙasashen Nesa da Daminarmu: Jawabin Malamin Gona

Iyayena da 'yan'uwana manoma, na gode da kuka bar ayyukanku kuka zo. Yau maganarmu a kan ruwan sama ce, amma za mu fara ta daga nesa, sa'an nan mu komo gida.

Mu a nan mun saba ruwa da damina yake zuwa, hunturu kuwa sai ƙura da sanyi. To, akwai ƙasashe masu ƙarancin ruwa waɗanda nasu ruwan da hunturu yake sauka. Alhazan cikinku sun san Jidda: ɗan ruwan da take samu yawanci tsakanin Nuwamba da Janairu ne. Haka Iran da Afganistan, haka kuma jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Manoman Iran da Afganistan da ruwan sanyi da ƙanƙarar duwatsu suke noman alkama. In hunturu ya wuce babu ruwa, shekararsu ta ɓaci ke nan.

Abin mamaki, yawan wannan ruwa nasu yana da nasaba da wani teku mai nisa ƙwarai, watau tekun Fasifik, wanda ya rufe wajen sulusin duniya.

YADDA ABIN YAKE

A tsakiyar wannan teku, inda rana take da zafi, akwai iska mai busawa daga gabas zuwa yamma. Ita ce take kora ruwan ɗumi na saman teku ta tara shi wajen Indonesiya. Kun dai san tukunya a kan murhu, inda zafi yake nan tururi yake tashi. To, haka hadari yake haɗuwa a bisa ruwan ɗumin nan.

Amma bayan shekara biyu zuwa bakwai, iskar takan yi rauni. Sai ruwan ɗumin ya malalo gabas wajen ƙasar Peru, hadari ya biyo shi. Masuntan Peru ne suka sa wa abin suna El Nino, watau "yaro", don wajen Kirsimeti yakan bayyana. Yakan yi wata tara zuwa shekara guda. Wani lokaci kuma iskar ƙarfi take ƙarawa, ruwan gabashin tekun ya yi sanyi fiye da kullum. Wannan ita ce La Nina, watau "yarinya".

Can sama, inda jiragen sama suke bi, akwai wata iska mai gudun gaske wadda take jan hadari daga wannan ƙasa zuwa waccan. In wurin haɗuwar hadari ya gusa a teku, ita ma sai ta sake hanya. Kamar mai lambu ne a fadama: ya toshe wannan hanyar ruwa ya buɗe waccan, wani fangali ya sha, wani ya bushe.

ABIN DA AKA GANI

A hunturun 1982 zuwa 1983, da na 1997 zuwa 1998, an yi El Nino mai ƙarfi, Kalifoniya kuwa ta sha ruwa har da ambaliya. Daga 1998 zuwa 2001 La Nina ta daɗe, sai Iran da Afganistan da Pakistan suka faɗa fari mai tsanani, alkama ta lalace, dabbobi suka mutu.

Amma ku lura, abin ba alkawari ba ne. A hunturun 2015 zuwa 2016 an yi El Nino babba, mutanen kudancin Kalifoniya suka yi ta sa ido, ruwan bai zo yadda aka zata ba. Teku yana karkata shekara ne kawai. Ruwa na Allah ne.

MU INA RUWANMU?

Wani zai ce, Malam, me ya haɗa mai gero a nan da tekun Peru? Akwai haɗi. Masana sun lura cewa a shekarun El Nino damina takan yi rauni a ƙasashenmu na bakin Sahara: ta makara, ko ta yi tsaiko a tsakiya, ko ta ɗauke da wuri. Dattawan cikinku ba su manta farin 1972 da 1973 ba, da na 1983. An yi El Nino a waɗannan lokuta. Sai dai a 1984 babu shi, amma farin ya fi muni, domin ɗumi da sanyin tekun Atlantika, inda hadarinmu yake tasowa, su ma suna da hannu.

Amfanin sanin wannan shi ne, ana auna ɗumin teku kullum, ana kuma ganin alamar watanni kafin shuka. Da irin wannan awo hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara.

ABIN DA ZA KU YI

1. Tun da bazara ku saurari hasashen damina a rediyo, ko ku tambayi malamin gonarku.

2. In an ce damina za ta gajarta, ku nemi irin gero da dawa da wake mai nuna da wuri. Ku tanade shi kafin kasuwa ta tashi.

3. Kada ku zuba irinku duka da ruwan fari. Ku tona ku ga laima ta shiga ƙasa sosai, ku kuma rage iri saboda gyaran shuka.

4. Ku yi kunya a gicciye, ba bin gangare ba, ku riƙa datse kwari don ruwa ya tsaya. Takin gida ma yana riƙe laima.

5. Kada ku dogara ga amfani iri ɗaya. Ku haɗa gero da wake.

6. Kada ku sayar da hatsin rumbu kaf sai kun ga yabanya ta kama.

Jama'a, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In kun ji a rediyo ana maganar El Nino, kada ku ce labarin Turawa ne, ku zo mu shirya tare. Mai tambaya ya yi yanzu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.