Sigari Mai Ƙarancin Nikotin da Halin da Matanmu na Karkara Ke Ciki



An ɗora mini nauyin yin magana a kan taba da mata marasa galihu, da kuma wata sigari da aka rage wa sinadarin nikotin. Wani zai ce, ina ruwan matan karkara da sigari? Yana da hujja. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna maza 10 cikin 100 ne ke amfani da taba, mata kuwa kimanin 1 cikin 100. Sai dai tambayar mutane aka yi da baki. Wace matar aure ce a ƙasar Bichi ko Ɗambatta za ta dubi baƙon namiji ta ce masa, "I, ina sha"?

Nikotin shi ne abin da ke cikin ganyen taba wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya sa mutum ya kasa haƙura. Amma mafi yawan ɓarnar huhu da ciwon daji daga hayaƙin take, domin yana ɗauke da sinadarai kusan 70 masu haddasa sankara. Wato nikotin igiyar da aka ɗaure rago ce, hayaƙi kuma shi ne wuƙar. Wannan ya sa masana a Amurka suka yi tunanin sassauta igiyar.

A can, shan sigari ya fi kamari a tsakanin talakawa da masu ƙarancin ilmi. A 2020 Farfesa Stephen Higgins na Jami'ar Vermont da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 775 na tsawon mako 12, cikinsu har da rukunin mata masu shekarun haihuwa waɗanda karatunsu bai wuce sakandare ba. An ba wasu sigari mai miligiram 15.8 na nikotin a kowane giram na taba, kamar ta kasuwa, wasu mai 2.4, wasu mai 0.4. Da ma fargabar ita ce mai sha zai riƙa ƙara yawan karare don ya cike giɓi. Ba haka aka gani ba. Waɗanda aka rage wa sun sha karare kaɗan a rana fiye da sauran, kuma kamun da tabar ta yi musu ya yi sauƙi, alhali ba da niyyar bari suka shiga gwajin ba.

Labari ne mai daɗi, amma a yi hattara. Hayaƙin wannan sigari yana nan da dafinsa. Kuma dabarar ba ta aiki sosai sai doka ta tilasta wa duk kamfanoni su rage, in ba haka ba mai sha ya tsallaka teburin gaba ya sayi mai ƙarfi. Ƙasar Niyu Zilan ta kafa irin wannan doka a 2022, sabuwar gwamnati ta soke ta a 2024 tun ba ta fara aiki ba. Saboda haka kada mai tebur ya nuna wa kowa kwali mai haske ya ce wannan "mai sauƙi" ce. Wannan tsohuwar yaudara ce ta 'yan kasuwa.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan ne zancen ya fi damuna. Tabar matanmu ba a kunna mata ashana. Garin taba ne da ake haɗawa da kanwa, a ƙunsa a dasashi ko a shaƙa. Wata da ciwon haƙori ta fara, wata da gajiyar surfe da sussuka, wata kuwa don ta danne yunwa ta bar wa yara ɗan tuwon da ya rage. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kanwa tana sa jiki ya fi zuƙar nikotin. Turawa na can suna kashe maƙudan kuɗi su rage masa ƙarfi, mu kuma muna nan muna ƙara masa a turmi! Mai juna biyu da ke amfani da taba tana cikin haɗarin haifar bakwaini ko jariri mara nauyi. Wadda ba ta taɓa sha ba ma ba ta tsira ba, muddin maigida zai kunna tasa a ɗaki mai ƙaramar taga, bayan ta wuni a bakin murhu tana shaƙar hayaƙin kara.

Doka kuwa muna da ita. Dokar taƙaita taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Duk wanda ya zaga kasuwanninmu ya san inda aka kwana. Yarinyar da uba ke aika wa sayen kara ɗaya, tun ina aji nake ganin irinta.

Roƙona ga ƙungiya biyu ne. Masu unguwanni su zauna da masu tebur a kan sayar wa yara. Kwamitin mata kuma ya haɗa kai da ungozomomi da ma'aikatan awon ciki, a riƙa tambayar kowace mai ciki batun garin taba a keɓe, ba a gaban kishiya ko uwar miji ba, kuma ba da gori ba.