Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tanadin Gwamnati ga Masu Buƙata ta Musamman

(Laccar da aka gabatar a Mabai, gaban shugabannin al'umma na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa)

   

Maganata a yau guda ce: masu buƙata ta musamman a yankinmu ƙaruwa za su yi, kuma rabon shinkafa da kekuna lokacin azumi ba zai ɗauki nauyinsu ba. Abin da zai ɗauka shi ne tsari, da kuɗin da aka rubuta a kasafi, aka kuma sake su a kan lokaci.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum 16 cikin kowane 100 na rayuwa da naƙasa. A nan kuwa muna da ƙarin dalilai namu. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Najeriya a 2020, amma yaran da ta taɓa sun zama magidanta, kafaɗunsu na gajiya da sanda. Sanƙarau na barin yara da kurumta. Hawan jini na shanye ɓarin jikin dattawa, babur na karya matasa. Sannan ga ta'asar 'yan bindiga. Duniya ta ji labarin ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da aka sace ranar 11 ga Disamba 2020, amma ba ta ji na manomin da harsashi ya raba da ƙafarsa ba, ko matar da ta dawo daga daji ba ta iya barci saboda firgici.

Doka ba ta bar mu a baya ba. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu. Ta tanadi ilimi kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Sai dai doka ba ta sayen ko da sanda ɗaya sai an ware mata kuɗi.

Don haka ina kawo shawarwari huɗu.

Na farko, a ƙirga. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Ba sai mun jira Abuja ba: kowane mai unguwa ya san gidan da makaho yake. Masu unguwanni da ma'aikatan asibitocin mazaɓu su buɗe rajista mai nuna shekaru, irin lalura da abin da ake buƙata, a riƙa sabunta ta duk shekara.

Na biyu, a ware kuɗi da suna, na shekaru a jere. Yaron da aka sa wa ƙafar roba yana da shekara 7 girma yake yi. Ba da daɗewa ba za ta matse shi, ta ji masa ciwo a dungu, ya jingine ta a bayan ƙofa ya koma rarrafe. Keken guragu ma yana son taya da boris da faci, balle a hanyarmu mai yashi da ƙaya. Kasafin da ya sayi kaya bai tanadi gyara da canji ba, rabin aiki ya yi. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, saboda haka shugabanninsu ma wannan nauyi ya hau kansu.

Na uku, a horar da mutane. Mai neman ƙafar roba kan nufi Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talaka. Akwai makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a Katsina, amma ba kowane uba ne zai iya tura ƙaramin yaro nesa ba. A ɗauki nauyin 'ya'yanmu su karanci gashin ƙashi, maganar hannu da rubutun makafi, bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Wanda aka tura bana, sai bayan shekaru za a ci moriyarsa. Shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Na huɗu, kada a yanke wa masu buƙata ta musamman hukunci a bayan idonsu. Idan za a tattauna kasafi, a ba su kujera. Duk ajin da za a sake ginawa a garuruwan da 'yan bindiga suka ƙona, a yi masa gangara da ƙofa mai faɗi tun daga tushe. Hakan ya fi araha a kan fasa siminti daga baya.

Ina roƙon kansiloli da 'yan majalisarmu su nemi a sa wannan tanadi a kasafin baɗi. Mu kuma jama'a mu tambaye su nawa aka ware, nawa aka saki, wa ya amfana. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba, kuma mai lafiyar yau bai san abin da gobe za ta zo masa da shi ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba shugabanninmu ikon sauke amana.